Yatsun Anayo

Asabar, 6 ga Yuli, 2024
Satina uku a Jos, yau na zubar da jinin mutum. A Abbatuwa, mayankar da nake aiki, bijimi ya fizge igiya, ya ja ni a ƙasa cikin kashi da jini, kowa na dariya. Anayo, mai sayen nama a wurin maigidana Oga Moshood, shi ya fi kowa. "Ɗan ƙauye, sa ma ya raina ka!" Ban san lokacin da na ɗauki wuƙar Oga ba. Na kai masa sara, ya tare da hannu. Yatsu biyu, fata ce kawai ta riƙe su.

Lahadi, 7 ga Yuli
Anti Fibi, ƙanwar babana da nake zaune a gidanta, ta ce in shirya coci. Na ce cikina na ciwo. Ba ta san Anayo nake gudu ba. Shi ne ke tsayawa a ƙofar cocinmu yana nuna wa mutane wurin zama.

Laraba, 10 ga Yuli
Nazarin Baibul yau. Na ce hadari ya haɗo. Ko ɗigo bai sauka ba.
Oga ya mare ni har kunnena ya toshe. Ya ce, "Ka san me Anayo ya faɗa a asibiti? Wai shi ya yanke kansa. Da ni ne, da yanzu kana hannun 'yan sanda."
Me ya sa zai rufa min asiri? Da hannunsa yake so ya rama ke nan.

Lahadi, 14 ga Yuli
Na ce ina ƙarnin jini, ba wanda zai zauna kusa da ni. Anti ta ajiye min sabulu a cinya. Na ce takalmina ya yage.

Talata, 16 ga Yuli
An cire wa Anayo yatsun. Shanu shida na kayar yau. Duk wadda aka ɗora wa wuƙa, ihun Anayo nake ji. Na yi amai a bayan magudana.

Lahadi, 21 ga Yuli
Anti ta jefo min takalmin, an ɗinke. "Gyang, ciki ya warke, ruwa bai zo ba, ga sabulu. Saura me?" Na duƙa ina duba ɗinkin. Ta ce, "Anayo kullum sai ya tambaye ka."
To ai shi ne.

Laraba, 24 ga Yuli
Na gaji da ɓuya, na je nazari da wuƙa a cikin safa. In Anayo zai rama, a gama yau.
Yana benci na baya, hannu a naɗe da bandeji. Ya matsa, ya buga bencin. Na zauna. Ya kalli ƙafata, ya ce a hankali, "Wannan abin zai yanke ka, ɗan ƙauye. Ni na san yadda yake ci."
Fasto ya ce a buɗe littafin Luka. Baibul ɗin Anayo ya zame ya faɗi, ya ɗauka, ya sake zamewa. Ya ɗora min a cinya. "Kai ka rage min yatsu. Ara min naka."
Ban iya nemo Luka ba. Shi ya dinga cewa gaba, gaba, tsaya.

Lahadi, 28 ga Yuli
Wuƙa ta koma teburin Oga. Na riga Anti shiri, ta yi kamar ba ta gani ba.
Har yanzu ban ba Anayo haƙuri ba. Ba wai na zama mutumin coci ba ne. Kawai ba shi da mai juya masa shafi.