Shanun da ka zana

Baban Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda nakan gaishe ka in ka yi tafiya Yamai, ko da yake na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma da wa zan yi maganar biro, ofishin nan namu, in ba kai ba?

Gida lafiya lau. Damina ta yi kyau bana, hatsin gonar Inna mahaifiyarka ya cika rumbu. Ramatu ta shiga lakwal, makarantar boko, haƙoranta na gaba sun faɗi, in ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu. Biron namu yana nan a ɗakin zaure, ni da abokinka Idi, kujerarka kuma ba wanda ya matsar da ita.

Labarin wasanka nake son ba ka, wasan salular nan da makiyayi yake kora shanu daga kwarin Dallol zuwa arewa da damina, ya komo da su bayan girbi ba tare da sun shiga gonar kowa ba. Kai kake zane, Idi yana haɗa shi a kwamfuta, ni kuma aka bar ni da neman masu saye. Ka tafi ka bar mu da shi bai ƙare ba.

Bayan sadakar arba'in, mutanen kamfanin nan na Abijan suka sake kira. Sun yi mini ta'aziyya sosai, sannan suka koma kan maganarsu ta da. Za su ɗauki nauyin komai, amma sai an sa ɓarayin shanu a hanya, an ba makiyayi bindiga, don a wurinsu wasan da ba a harbi ba ya sayuwa. Ka tuna yadda muka yi gardama a kan wannan? Ka ce yaran ƙasarmu ta Kurfey sun ji ƙarar bindiga ta gaske, ba za ka sa musu wata a aljihu ba. Ni kuma na ce maka tukunya ba ta san wannan ba.

Wannan karo ba ka nan, shawara ta dawo kaina. Matar Idi tana da ciki, kuma an yi masa tayin aiki a Yamai. Bai matsa mini ba, ka san halinsa, sai dai ya daina kallon idona in muna magana. Na yi ta juya abin a raina har aka yi Juma'a aka sake wata. Daga baya na kira su na ce a'a.

Kada ka yi saurin yaba mini. Na yi abubuwan da na san da kana nan sai ka ɓata rai. Mun haɗa wani ɗan wasan kokawa cikin gaggawa, mai talla a kowane zagaye, shi ne yake riƙe da mu yanzu. Ba shi da kyau, amma samari suna son shi. Wasanka kuma na rage masa tsawo, na cire dukkan zangon arewa da ka tsara, don ba mu da ƙarfin kai shi can. Na ɗauko wata mai zane daga Damana, sunanta Zainabu, ta ƙarasa abin da ka bari. Tana da hannu, amma ƙahon shanunta ya fi naka gajarta. In na duba garken, ina gane naka ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kullum ni ce mai tsuke fuska, mai tambayar wa zai saya. Ka ɗauka wasan bai shiga raina ba, ko? In ka fita masallaci nakan ɗauki wayarka in kora shanun nan har rijiya, in tsaya ina kallon yadda suke sunkuyar da kai suna sha. Ina son shi tun ranar farko. Na ga dai cewa in mu duka muka kamu da son shi, babu mai duba ƙasa. Me ya hana ni faɗa maka ko sau ɗaya?

Mun sake shi da kaka. Masu saye ba su da yawa. Ranar kasuwar Filinge na ga matasa suna tura wa juna daga waya zuwa waya, ba abin da ya shigo mana, amma na kasa jin haushi. Wani ya ce har Bonkuku ya kai. Idi ya ce zai zauna zuwa babbar Salla mu gani. Ban sani ba ko biron zai kai baɗi, kuma ba zan yi maka alkawarin da ba ni da iko a kansa ba.

Inna ce ban yi tsammani ba. Na manta cewa muryar makiyayin taka ce, wadda ka ɗauka a Dallol kana kiran shanu. Ramatu tana yin wasan a waya a tsakar gida, Inna tana tsintar wake, sai kiran ya fito. Ta ajiye faifai ta miƙo hannu. Ba ta iya wasan ba, ba ta ma so a koya mata. Wuri ɗaya kawai ta sani, inda ake dannawa ka yi kira shanun su ɗago kai. Jiya ta saurara ta sake saurara, sannan ta ce mini ranar da ka ɗauki muryar nan mura kake yi, ban kula da kai ba.

Gaskiyarta, mura kake yi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu a inda ba rabuwa. Ka huta lafiya.

Matarka,
Hadiza