Ba Laifin Sandunan Ba Ne

Trenta, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Zdenka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Branko da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan sai godiya. Matata Pavla tana fama da bayanta kamar kullum, amma ta yanka kabejin bana ta cika tulu. Ƙanƙara ta sauko har rabin dutse.

Pavla ta ce kin yi kuka a waya, wai sandunan tafiya da kika aiko mini ne suka kayar da ni. Ni na gaya wa kowa haka, kuma ƙarya na yi. Gara ki ji daga bakina.

Sandunan ba su da aibu. Marasa nauyi ne, masu zugewa, irin waɗanda na ce miki ina so saboda gwiwoyina. Ranar da na fara fita da su, Cvetko, abokin farautata na shekara talatin, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Lojze, ina hular rana da kyamara? Ko in nuna maka hanyar otel?" Na yi dariya, amma na ji kunyar ya mai da ni ɗan yawon buɗe ido. Da muka hau neman akuyar dutse sai na ɗaure ɗaya a bayan jaka, na zuge ɗayar har na wuce layin da aka ce a tsaya, don ta kai tsawon sandar icen Baba.

Na samu bunsuru da harbi ɗaya. Muka sa masa ganye a baki yadda mafarautanmu suka saba don girmama dabba, na goya shi. A gangaren tsakuwar nan da kika sani, na kama sandar da hannu biyu a gicciye, na kafa ta a gefen dutse, na sakar mata nauyina da na bunsurun, yadda Baba ya koya mana. Ita kuwa ba don haka aka ƙera ta ba. Ta fice daga gaɓa. Sai ganina na yi a kwance, ƙafata ta juya, Cvetko yana ihu, "Kar ka motsa, tsohon banza! Na ce kar ka motsa!"

Na tambayi likita ko zan hau dutse kaka mai zuwa. Ya ce in na kai coci da ƙafata ranar Ista, in gode wa Allah. Na gaji, Zdenka. Ciwon da sauƙi. Abin da ke cina shi ne in buɗe taga kowace safiya in ga dutsen yana nan, in kuma tuna kunyar ba'a ce ta raba ni da shi.

Cvetko ya gyara sandar, ya jingine ta a ƙofa bai shigo ba. Yanzu da duka biyun nake tafiya, ɗaya a kowane hannu. In za ki aiko da wani abu, ki aiko da robar nan da ake sa musu a baki. Pavla ta ce ƙarfen yana karce mata daɓen kicin, ni kuwa kicin ɗin ne iyakar tafiyata yanzu.

Ki gai da Branko, da Metka, da ƙaramin Anže. Pavla tana gaishe ku.

Yayanki,
Lojze