Kyalla Za Ta Koma da Rana

Dungas, cikin damina, 2023

Zuwa ga aminina Malam Zakariya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da mai ɗakinka Yalwa, da yara, da dabbobi. Yaya ƙafar nan taka? Mu nan lafiya lau, gero ya fara fid da kai. Na rubuto ne don tun da kunnenka ya yi nauyi waya ta daina amfanarmu: ni in yi ta ihu, kai ka yi ta amsa abin da ban tambaya ba.

Maraƙin saniyarka Kyalla na uku ya isa yaye. Ban manta ba, shekarar da dabbobina suka ƙare kai ka jawo ta da ƙafa tun daga Maigatari tana karsana, ka danƙa mini igiyarta a gaban jama'a ka ce habbanaye ce: in kiwata ta, 'ya'ya uku na farko nawa ne, sannan uwa ta koma gida. To, alkawari ya cika. Da nononta na raini jikokina.

Sai ga iyaka a rufe. Tun da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar nan ta Afirka ta Yamma, suka sa mana takunkumi. Ni CEDEAO ɗin da na sani ita ce Alhamis: in tashi daga gida, in ci kasuwarku, in dawo da gishiri kafin magariba. Yanzu rediyo har zancen yaƙi take yi. Na rasa wa zan harba a can, kai ko surukina?

Shafi'u mai kabu-kabu, wanda zai kawo maka wannan, ya ce akwai masu ƙetarar da shanu ta daji a ɓoye. Na ƙi. Saniyar da ta zo da rana a idon mutane ba za ta koma kamar kayan sata ba. Ka yi haƙuri har a buɗe, in kawo ta da hannuna.

Ka gai da kowa. Naka,
Labbo

Dungas, cikin sanyi, 2024

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan sanyin nan bai tada maka ciwon ƙafa ba. Yalwa da yara fa? Mai ɗakina Balaraba tana gaishe su.

Saƙonka ya iso. Ka ce kada in wahalar da kaina da al'ada, ko ta wace hanya ta zo ta zo. Na yi dariya. Halinka ne, ba ka son ɗora wa mutum nauyi. Amma ni ma ka san nawa taurin kan. Na riga na murɗa sabuwar igiya, Balaraba ta ware ƙwaryar man shanun da za a bi ta da ita, kuma dattawa biyu daga cikin waɗanda suka shaida zuwanta sun ce za su raka ni. Ba zan sauya wannan da hanyar daji ba.

Shafi'u ya ce bai ga shanu a gidanka ba. Na ce masa ai bai san makiyayi ba ne, wa ke ajiye garke a gida a wannan lokaci?

Abu ɗaya ya dame ni. An ce ƙasarmu za ta fita daga CEDEAO gaba ɗaya. A bakin masallaci wasu na murna, wasu na zagi. Ni ban san siyasa ba, kuma na san mun sha wuya da takunkumin nan, magani ma ya yi wuyar samu. Sai dai na ga kamar manya ne suka yi faɗa a birni, aka zo aka tsaga mana tsakar gida. Kyalla ta yi ƙiba, za ka yi farin ciki da ita.

Naka kullum,
Labbo

Dungas, cikin azumi, 2024

Aminina, ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Yaya ibada? Ina fatan kai da iyali kun sha ruwa lafiya. Mun iso gida lafiya, amma tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da na kasa faɗa a gaban mutane shi zan faɗa a nan.

Na samu abin da na so. An buɗe iyaka, na wuce 'yan duwan, wato kwastan, da rana tsaka, igiya a hannuna, dattawa a bayana. Ka tarbe ni kana dogara sanda, ka karɓi igiya, aka yi addu'a. Sai na bi ka mu ɗaure ta. Zakariya'u, na ga turaku babu ko ɗan maraƙi. Ƙasar wurin ta bushe, ko warin shanu babu.

Yalwa ce ta gaya wa Balaraba a ɗaki: ciwon huhu ya shiga garkenka tun damina, waɗanda suka tsira kuma ka sayar ka sayi hatsi. Ashe duk tsawon watannin nan Kyalla ce kaɗai saniyarka a duniya. Ni ina nan ina murɗa igiya, ina tatsar ta, jikokinka na shan kunu babu nono. Ka roƙe ni iyakar yadda mutum irinka zai iya roƙo, ni kuma na ɗauka kara ce. Na ji kunya, kuma na ji haushinka. Me ya hana ka buɗe baki?

To, ga abin da na yanke, kuma ba shawararka nake nema ba. 'Yar Kyalla ta fari ta kai barbara. Alhamis mai zuwa zan jawo ta, in danƙa maka a gaban mutanen da suka gan ka kana karɓar uwarta. Habbanaye ce, ba sadaka ba, don haka ba ka da bakin ƙi. 'Ya'ya uku naka ne.

Ban san yadda iyakar nan za ta kasance ba ranar da za ta yaye na uku, ko a buɗe ko a rufe, ko ma muna raye. In mun rigaya, 'ya'yanmu su yi mayarwar, don dole su san hanyar gidajen juna. Kuma in wata rana turakuna suka koma irin naka, zan faɗa maka da bakina, ko da ihu ne a waya.

Ka gai da Yalwa, ka ce ta yafe mini. Allah Ya karɓi ibadarmu.

Amininka,
Labbo