Zuhra, Ki Ajiye Farar Ƙasar Nan

Zuwa ga Zuhra, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da baƙon da kike ɗauke da shi, wanda ban ga fuskarsa ba amma har ya raba zuciyata da ke.

Tun da kika koma Gwagwalada wajen Yaya Najwa don ki zauna kusa da asibiti, ɗakinmu na Dei-Dei ya yi mini faɗi. A gidan Oga a Maitama ina ba furanni ruwa, ina aske ciyawa, amma wane fure ne ya kama ƙafarki? Su kyau kawai suka iya. Ke kuwa muryarki kamar iskar da ke riga hadari isowa ce, kafin ta taɓa mutum ya ji sanyinta a rai.

Kin tuna bara, bayan cikinmu na farko ya zube? Nas ɗin nan mai tabarau ta zaunar da mu, ta ce jininki ya yi ƙasa, kuma tun kafin ciki ake gyara jiki: ganye, wake, ƙwai, kifi, lemo, da ƙwayar ƙarin jini kullum. A motar komawa gida idonki na kan taga. Sai da muka wuce Zuba kika matso kika ce mini a hankali, "Manniru, ni fa na tsani zogale." Ranar na sake jin dariyarki tun da abin ya same mu. Na shuka shi a bayan ɗaki tare da alayyahu. Kika riƙa ci kina yatsina fuska, ni kuma na bar lemon kwalba don kada ki gan shi a hannuna ranki ya biya. Haka muka yi ta yi har Allah Ya sake dubanmu.

Jiya Yaya Najwa ta kira ni. Ta ce kwana biyu kina ture kwano, faten wake ya huce a gabanki ba ki taɓa ba, sai shayi da biredi. Ta ce ta ga farar ƙasa ƙulle a bakin zanenki.

Wallahi ban yi fushi ba. Tiyo na hannuna na tsaya, har ruwa ya cika mini takalmi ban sani ba. Bencin asibitin nan na tuna, da yadda aka fito da ke leɓenki fari fat. Zuhra, da wace zuciya zan sake zama a kansa?

Na san ba gangan kike yi ba. Tashin zuciyar nan da ana karɓa wa mutum, da tuni na karɓe miki. Tunda ba a yi, roƙonki nake, tauraruwata: ki ajiye farar ƙasar nan, ki faɗa wa nas kina sha'awarta, kada ki ji kunya, ta ce mana sau da yawa ƙarancin jini ke kawo hakan. Idan kwano ya yi miki yawa, ki ci loma uku ki huta, anjima ki ƙara. Ƙwayarki ki sha da ruwa, ki biyo ta da ɓarin lemo, shayin ya jira. Nonon da Yaya ke sayowa a tafasa shi tukuna.

Ranar Asabar ina tafe, in Allah Ya yarda, Oga ya ba ni izini. Kafin nan, duk sa'ad da kika ci kika ƙoshi, ki kira ni ki ɗora wayar a kan cikinki. Ina so in gaya masa irin jarumar da Allah Ya zaɓa masa uwa, ke ma ki ji.

Naki ne ni a rani da damina, a lafiya da jinya, har gashinmu ya yi fari, har ranar da za a kira ɗayanmu.

Mijinki,
Manniru