Geron Iya Tabawa da Mai Hoto

Gaya, daren Talata, bazarar 1974

"Yaya Asabe, ko na zama shugaba, babu mai ganin fuskar wadda aka taimaka wa." Haka Ladi ta faɗa mini ranar da na sauka na miƙa mata ƙungiyar matanmu. Yau ta jera tsofaffi a rana a ƙofar gidanta, kowacce riƙe da ƙwaryar gero, ta ɗauko mai hoto daga Kano. Har cewa take, "Ku ɗan yi murmushi mana."

Geron nan da tafin hannu muke tara shi. Duk wadda za ta yi surfe sai ta ɗiba ta zuba a tukunya. Da almuru muke kaiwa a ƙarƙashin mayafi, mu ajiye a bakin ɗakin tsofaffin mu juya. Ina rufe ido sai in gan ni a hanyar Balan, ƙasa da sauran ɗuminta, shanu suna komawa gida, ƙwaryar tana kwance a ƙirjina kamar jaririya. Iya Tabawa, tsohuwar da nake kai wa, takan gaya wa maƙwabta mala'iku ne suke kawo mata. Ban taɓa gyara mata zancen ba.

Yau ta ƙi zuwa. Ta aiko cewa, "A gaya wa Hajiya Ladi na ƙoshi." Ladi ta ce wadda ba ta zo ba, babu rabonta. Na kuwa san tun jiya Iya ba ta hura wuta ba.

Na ba Ladi wa'adi zuwa gobe da la'asar ta aika wa Iya geron a rufe. In rana ta faɗi ba ta aika ba, zan bi gida-gida in kwashe tukwanen unguwarmu, mu koma tafiyar almuru. Ita kuwa ta je ta riƙe kujerar shugabancin da hotonta. Mala'ikun Iya ba su yi murabus ba.