Takun Baba Dubu Ashirin

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya ɗinki?

Baba, abu ɗaya ya hana ni sukuni. Ka san binciken da muke yi a asibiti, kan ko tafiya da ƙafa tana tare ciwon suga kafin ya kama mutum. Cikin mutum ɗari uku da muka ba na'urar ƙirga taku, kai ne kan gaba, taku dubu ashirin kullum. Amma gwajin jininka na wannan wata ya nuna sugan hawa yake, saura ƙiris ya zama ciwo. Shugabarmu ta ce ko dai na'urar ta lalace, ko jikinka daban yake da na kowa. Ni dai tsoro nake ji.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam, Allah ya yi miki albarka. Na'urarku lafiyarta lau, tsohonki ne da laifi.

Na gwada tafiyar kwana uku. Ranar farko mai wanki ya tare ni yana tambaya wa ya rasu. Washegari masu babur biyu suka tsaya za su rage mini hanya, da na ce ba inda za ni sai suka kalli juna. Rana ta uku gwaggonki ta zo har shago, wai an ce mata ina zaga unguwa ni kaɗai, ko a nemo taimako? Shekara arba'in ba a taɓa ganina a titi ba sai da dalili. Sai na ɗaura na'urar a idon sawu na koma kan keken ɗinki, ina takawa tana ƙirgawa. Da na ji murnarki a waya, sai na ɓoye miki gaskiya. Kunya ta ishe ni.

Naki, Baba

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kukan ya zama na gaske. Na faɗa wa shugabarmu gaskiya, an cire ƙirgen takunka na wata huɗu daga binciken, wannan ba komai ba ne. Amma ni na zauna da Baffa ranar da suga ya sa aka yanke masa ƙafa, kuma shi ƙaninka ne. Ba zan iya sake ganin haka ba.

Tunda dalili kake nema, ka daina cewa masu kaya su zo karɓa. Ka riƙa kai musu da kanka.

Allah ya ƙara girma.
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Jiya na kai wa malamin makaranta rigarsa can bayan gada, leda a hammata, ba wanda ya ce mini uffan. Sau biyu na zauna a hanya ina haki. Taku dubu biyu da ɗari shida. Kaɗan ne, na sani, amma ki rubuta haka, duk ƙafata ce ta yi su.

Naki, Baba