Gem ɗin Gajimare da Ya Sa Baba Magana

Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Shinkafi da sauƙi dai.

Tun da 'yan bindiga suka sako Baba bai cika magana ba, gona kuma ba halin zuwa. Mai cajin waya ya tura min wani sabon gem da ba a san shi ba, wai mutum ɗaya ya haɗa shi. Ba harbi, ba cin nasara. Kai ne gajimare, kana yawo kana zuba wa gonaki ruwa. Na miƙa wa Baba. Can sai na ji ya ce, "Hadiza, geron can bai samu ba." Sai da na fita na yi kuka.

Amma gajere ne, ya ƙare, Baba ya koma shiru. Sunan gem ɗin na bayan takardar nan. Don Allah ka gwada shi, ka nemo irinsa ka zuba a memori ka ba direban Ƙaura, sabis ɗinmu ba ya sauke komai. Ban da mai ƙarar bindiga.

Ku sa mu a addu'a, ka gaida Kawu. Jiya Baba ya tambaye ni yaushe hadarin zai dawo. Na ce kai za ka aiko shi.

Ƙanwarka,
Hadiza